Yadda ake rainon Venus flytrap, shukar nan mai cin ƙuda, a gida a nan Saudiyya

Shukar nan da ake gani a bidiyo tana rufe baki ta kama ƙuda, ana iya rainonta a Jidda ko Makka ko Madina, har a cikin shagga mai hawa uku da babu tsakar gida. Amma in ka ɗauke ta kamar sauran fulawowin da ake sayowa a mashtal, wato wurin sayar da shuke-shuke, ka sa mata ƙasar leda da taki da ruwan famfo, to wallahi sati uku zuwa wata ɗaya za ta yi baƙi ta tafi. Dalili kuwa asalinta ba nan ba ne, kuma ba dajin Afirka ko Amazon ba ne kamar yadda wasu ke zato. A duk duniya a wuri ɗaya take fitowa da kanta, wato fadamun jihohin Karolina ta Arewa da Karolina ta Kudu a Amurka, kewayen garin Wilmington. Ƙasar wurin yashi ce mai tsami, kullum a jiƙe, babu abinci a cikinta, shi ya sa shukar ta koma samun abin gina jiki daga ƙwari. Kuma can suna da lokacin sanyi na gaske. Don haka abu huɗu take buƙata: ruwa marar gishiri, ƙasa marar taki, rana mai yawa, da sanyi na wata uku a shekara. Matsalarmu a nan ita ce ta farko da ta ƙarshe, su zan fi tsayawa a kai.

Kayan da za ka tanada

Ka haɗa su tukuna kafin ka sayo shukar, kar ka kawo ta gida sannan ka fara yawon neman ruwa.

- Ruwan da aka tace aka cire masa komai, wanda Larabawa ke kira ma'u muƙaɗɗar. Galan ɗaya ko biyu don farawa.
- Mitar TDS, ƴar ƙaramar na'ura ce da ake tsomawa a ruwa ta nuna yawan gishiri da ma'adinan da ke ciki. Masu sayar da filtar ruwa suna da ita, a intanet ma akwai, ba ta da tsada.
- Bitmos zalla, wato ƙasar ruɓaɓɓen gansakuka da ake sayarwa a buhu (peat moss), wanda ba a sa masa taki ko farar ƙasa ba.
- Birlayit, fararen ƙwayoyin nan marasa nauyi, shi ma marar taki.
- Tukunyar roba fara mai huda a ƙasa, zurfin santimita 12 zuwa 15.
- Faranti mai ɗan zurfi ko robar da tukunyar za ta zauna a ciki.
- Fitilar LED ta shuke-shuke da taima, in gidanka ba ya samun rana sosai.
- Almakashi ƙarami, matsefata, tsinken sakace, da leda mai zif.

In za ka tambaya a mashtal ko ka bincika a shagunan intanet na nan, da sunan khannaƙuz zubab ko masyadatu Finus za ka fi saurin samu. Ka sayi wadda take nan cikin Saudiyya, don shigo da shuka mai rai daga waje yana da ƙa'idojinsa a kwastam, ga kuma zafin hanya.

Mataki na 1: zaɓen shuka

Kar girman baki ya ruɗe ka. Duba tsakiyar shukar inda sababbin ganye ke fitowa, in akwai ƙananan ganye kore masu tasowa to tana da rai a jikinta ko da wasu tarkunan na gefe sun yi baƙi. Wadda ganyenta ya yi dogo siriri ya yi fari-fari kuma tarkon ƴan mitsi-mitsi, ta daɗe a duhu a cikin shago, za ta iya farfaɗowa amma ba ta ɗan koyo ba ce. Wadda gindinta ya yi laushi yana wari ka bar musu kayansu. Lokacin saye mafi kyau a nan daga Oktoba zuwa Maris ne, kar ka yi oda a Yuli kwali ya wuni a bayan mota.

Mataki na 2: ruwa

Nan ne yawancin mutane ke kashe ta. Abin da ake so shi ne ruwan da mitar TDS za ta nuna ƙasa da 50, in ya yi ƙasa da 20 ma ya fi. Ruwan famfonmu na Jidda da Makka yawancinsa daga teku ake tace shi, amma bayan an tace sai an mayar masa da ma'adinai don ya shayu kuma kar ya ci bututu, daga nan ya bi ta tankin ƙasa ya hau tankin sama, in kuma na wayit ne, wato tankar ruwa, aka kawo ba ka ma san daga inda ya fito ba. Don haka ruwan famfo ka cire shi a lissafi. Ruwan gora na baƙala shi ma haka, juya gorar ka karanta takardar jikinta, yawanci za ka ga sama da 100. Zamzam kuma, na san akwai wanda zuciyarsa za ta ce bari in sa mata don albarka, to ma'adinan da ke cikinsa sun fi na ruwan gora yawa nesa ba kusa ba, ka sha abinka ka bar shukar.

Tafasa ruwa ba ya cire gishiri, ƙara shi ma yake yi tunda ruwan ne ke tashi gishirin ya zauna. Ajiye shi ya kwana ma ba ya cirewa.

To ina za a samu mai kyau? Saidaliyya, wato shagunan magani, suna sayar da muƙaɗɗar, manyan kantuna ma suna da shi wajen kayan guga ko kayan mota. Masu kayan mota suna sayar da na batir kuma ya fi araha, amma don Allah ka karanta jikin robar da kyau, akwai ruwan batir zalla akwai kuma mai asid, mai asid ɗin nan ko hannunka bai kamata ya taɓa ba balle shuka. In kana da filtar RO a ƙarƙashin sink a kicin, gwada ruwanta da mita, da yawa daga cikinsu suna da matakin ƙarshe da ke mayar da ma'adinai, sai ka ɗebo kafin wannan matakin. Shagunan tahliya na unguwa masu cika galan su ma wani yakan yi daidai wani bai yi ba, mita ce za ta raba gardama.

Sai ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, wato esi. A Jidda da yake akwai laima, esi ɗaya yana iya cika bokiti a yini, kuma ruwan raɓa ne, gishirinsa kaɗan ne ƙwarai. Ni ina amfani da shi, amma da sharaɗi: a wanke filtar esin, a tara a roba mai tsabta ba bokitin mofa ba, a tace da tsumma, a gwada da mita. In esin tsoho ne ya yi tsatsa ko an wanke shi da sinadari kwanan nan, bar shi. Ruwan sama kuma in Allah ya kawo, kar ka tari na indararo, na farkon nan duk ƙurar suɗuhu ce, wato saman gini, ka aje baho mai tsabta a fili bayan an ɗan jima ana yi.

Mataki na 3: haɗa ƙasa da dasawa

Bitmos rabi birlayit rabi. Wahalar ita ce samun bitmos zalla, domin yawancin buhunan da ke mashtal an haɗa su da taki da farar ƙasa don tumatir da fulawa. Karanta buhun, in ka ga NPK, wato alamar taki, ko ka ga pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami, 5.5 zuwa 6.5 to an taɓa shi. Wanda kake nema pH ɗinsa wajen 3.5 zuwa 4.5 ne. In ba ka samu ba, nemi busasshen gansakukan sifagnum mai dogon zare wanda masu fulawar okid ke amfani da shi, shi kaɗai ma ya isa ba sai an haɗa da komai ba. In birlayit ne babu, yashin silika na filtar wurin iyo yana maye gurbinsa. Yashin sahara ko na bakin teku ko na gini kuwa a'a, gishiri da farar ƙasa ne a ciki. In kana shakkar wani yashi, ɗiga masa khal, wato binega, in ya yi kumfa zubar da shi. Kokofit, wato na ɓawon kwakwa, yawanci yana zuwa da gishiri, ɗan koyo ya ƙyale shi.

Jiƙa bitmos ɗin da ruwanka mai kyau, ka cuɗa da hannu har ya sha, ka matse ka zubar da ruwan, ka sake sau ɗaya ko biyu. Birlayit ma ka ɗauraye shi, ka jiƙa shi tun a cikin leda don ƙurarsa ba ta da kyau a huhu. Ka cika tukunya ba tare da dannawa sosai ba, ka yi rami mai zurfi da yatsa.

Ka juya tsohuwar tukunyar a tafin hannu ka zare shukar, ka riƙe ta ta gindi ba ta tarko ba. Za ka ga gindin fari ne mai ɓawo-ɓawo kamar ɗan ƙaramin kan tafarnuwa, da saiwoyi ƴan kaɗan baƙaƙe dogaye. Baƙin saiwar nan haka take, ba ruɓewa ta yi ba, kar ka yanke. Ka zura saiwoyin su miƙe ƙasa, ka binne farin gindin, inda kore ya fara ya tsaya daidai saman ƙasa. Wasu tarkunan za su rufe yayin aikin, ba komai. In ƙasar da ta zo da ita mai kyau ce kuma tukunyar ba ta cika ƙanƙanta ba, kana iya barinta har ƙarshen sanyi ka dasa a lokacin.

Tukunyar yumɓu marar fenti da ta siminti suna sakin ma'adinai, baƙar roba kuma tana dafa saiwa a ranar nan tamu. Fara ka nema.

Mataki na 4: ban ruwa

Ka zaunar da tukunyar a faranti ka zuba ruwa a farantin ya kai santimita 1 zuwa 2, ƙasar za ta ja da kanta. In ya ƙare ka bar shi yini ɗaya haka sannan ka ƙara, amma ƙasar kanta kar ta taɓa bushewa, ko sau ɗaya. A cikin esi da lokacin zafi ruwan faranti yana tashi da sauri, kuma duk ɗan gishirin da ke ciki zama yake yana taruwa, don haka duk wata ka zuba ruwa ta sama sosai ya ratsa ya fita ta ƙasa ka zubar, ka wanke farantin. Ka riƙa tsoma mita a ruwan farantin lokaci-lokaci, in ya haura 50 lokacin wanki ya yi.

In za ka yi tafiya gida hutu ko aikin Hajji zai riƙe ka kwanaki, ka sa ta a roba mai faɗi ka cika ruwa har kashi ɗaya cikin uku na tukunyar, ka bar fitila a kan taima. Kar ka bar wa maƙwabci amana ba tare da ka bar masa galan ɗin ruwan ba, da kyakkyawar niyya zai ɗebo na famfo.

Mataki na 5: haske da zafi

Shukar rana ce, tana son awa 4 zuwa 6 na rana kai tsaye ko fiye. Alamar tana samun isasshe ita ce cikin tarkon ya yi ja, ko da yake akwai nau'in da kore ne duk yadda aka yi. Daga Nuwamba zuwa Maris ranarmu ba ta da matsala, balakona ko suɗuhu duk ya yi. Daga Mayu zuwa Satumba ne labari ke canzawa, ita tafi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 35, mu kuma Makka da Madina da Riyad ana wuce 45, simintin suɗuhu ma ya fi haka. A wannan lokacin ko dai ka ba ta ranar safe kawai daga fitowa zuwa wajen ƙarfe tara a gefen gabas, ka ɗaga ta daga kan siminti ka zura tukunyar cikin wata babbar farar tukunya don iska ta shiga tsakani, ko kuma ka shigo da ita ɗaki gaba ɗaya ƙarƙashin fitila. Ni na biyun na fi yarda da shi.

Tagogin gidajen nan yawanci gilashinsu mai duhu ne ko mai hazo, wasu ma ginin maƙwabta ya tare, idonka zai ga haske amma shukar yunwa take ji. Fitilar LED fara mai ƙarfi, a rataye ta santimita 15 zuwa 25 a saman shukar, awa 12 zuwa 14 a rana. Kar ka ajiye ta daidai inda esi ke hurawa.

Murfin roba ko kofin da ake rufo ta da shi daga shago, cire shi za ka yi amma a hankali, ka riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan cikin sati ɗaya zuwa biyu. Haka ma rana, awa ɗaya ka fara ba ta sannan ka riƙa ƙarawa. Kwalbar gilashi rufaffiya a rana kuwa dafa ta za ka yi. A suɗuhu ka yi hattara da tattabaru da maguna, tattabaru suna tsattsage gansakukan, ɗan kejin waya yana maganinsu. Bayan guguwar ƙura ka fesa mata ruwanta ka wanke ganyen.

Mataki na 6: ciyarwa

Ka kalli cikin tarko da kyau, a kowane ɓari akwai ƴan gashi tsaye, yawanci uku. In ƙwaro ya taɓa sau biyu cikin kamar daƙiƙa 20, tarkon zai rufe cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Rufewar farko ba ta matsewa, haƙoran ne kawai ke sarƙewa. Sai ƙwaron ya ci gaba da motsi a ciki yana taɓa gashin sannan bakin ya liƙe ruwan narkarwa ya fito. Bayan kwana 5 zuwa 12 ya buɗe ka ga busasshen ɓawo. In babu motsi a ciki, washegari zai buɗe abinsa.

Abin da wannan ke nufi a aikace: ƙwaron ya zama mai rai, kuma kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na girman tarkon. In ya yi girma har ƙafa ko fiffike ya leƙo waje, bakin ba zai liƙe ba, sai ya ruɓe tarkon ya yi baƙi. Ƙuda, ƙaramin gizo-gizo, ɗan gyare, duk sun yi. In ƙudan ya ƙi kamuwa sa shi a kwalba ka jefa a firij minti kaɗan, zai yi sanyi ka ɗauke shi da matsefata. Wanda aka kashe da maganin feshi kar ka ba ta. In babu ƙwari, shagon kifin ado suna sayar da busasshiyar jar tsutsa, ka jiƙa kaɗan da ruwan muƙaɗɗar ka dunƙula ƴar mitsitsiya, ka sa a tarko ka taɓa gashin da tsinke, in ya rufe sai ka riƙa matsa gefe da gefe a hankali da yatsu biyu na kamar rabin minti don ta ɗauka mai rai ne.

Nama, kaza, cuku, shinkafa, babu ko ɗaya. Taki kuma ko na ruwa ko na gari, a ƙasa ko a ganye, babu. Tarko ɗaya duk sati biyu zuwa huɗu ya ishi shukar gaba ɗaya, wadda ke waje ma ita ke kama abinta. Rashin ci na wata biyu ba ya kashe ta, rashin haske ne ke kashewa.

Sai yara, da manyan baƙi ma. Kowane tarko yana da iyakar rufewa, wajen sau goma in babu komai ciki, ko cin abinci sau uku zuwa biyar, daga nan ya daina aiki. In kowa ya shigo sai ya zura yatsa, cikin sati za ka ga tarkuna a hangame ba sa motsi. Ka nuna musu sau ɗaya ranar ciyarwa, sannan ka ɗaga ta sama.

Mataki na 7: baccin sanyi

Wannan shi ne abin da mai mashtal ba zai gaya maka ba. Shukar tana buƙatar hutun wata uku zuwa huɗu a sanyin da ke ƙasa da digiri 10 amma bai kai ƙanƙara mai tsanani ba. In ba ta samu ba shekarar farko za ta iya wucewa lafiya, daga nan sai ta riƙa ƙanƙancewa har ta ƙare. Wanda ke Tabuka ko Abha ko Ɗa'if ko ma Riyad, daren hunturunsu yana sauka sosai, sai ya bar ta waje daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya rage ruwa, ƙasa ta zama da danshi kawai ba zaune cikin ruwa ba. Mu na Jidda da Makka sanyinmu ba ya kaiwa ko kusa, don haka firij ne.

Daga Oktoba ka fara rage awannin fitila, duk sati ka cire kamar awa ɗaya har ka sauko 8 ko 9, ka daina ciyarwa, ka matsar da ita ɗakin da ya fi sanyi. Za ka ga girma ya ragu, sababbin ganye gajeru suna kwanciya a ƙasa. Kar ka ɗauko shuka tana tsakiyar girma ka jefa firij rana ɗaya. Wajen ƙarshen Nuwamba sai ka yanke duk baƙin ganye da duk tarkon da ke da ragowar ƙwaro, ka bar tukunyar ta tsane har ƙasar ta zama danshi-danshi, ka sa ta a leda mai zif ka rufe, ka ajiye a aljihun kayan miya na firij inda sanyi yake digiri 3 zuwa 7. Ba firiza ba, kuma kar ta jingina da bangon baya inda ƙanƙara ke kamawa. In wuri ya yi kaɗan, zare ta daga tukunya ka naɗe gindin da saiwar cikin sifagnum mai danshi ka sa a ƙaramar leda. Ka rubuta a jiki da babban baƙi, ka kuma gaya wa uwargida ko abokan zama, kar a yi sharar firij da ita. Ka nisanta ta da tuffa da ayaba.

Duk sati biyu ka buɗe ta sha iska, ka duba fumfuna. In ka ga fari-fari ko toka-toka ka yanke wurin, ka goge raɓar cikin ledar, ka rage danshi. Duhu ba ya damunta a wannan sanyin tunda ba girma take ba. Bayan kamar wata uku, wajen tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Maris, ka fito da ita. Za ta yi kama da matacciya, kar ka zubar, taɓa gindin, in fari ne mai tauri tana nan. Lokacin sake ƙasa ke nan, duk shekara ko shekara biyu. Ka fara da inuwa mai haske, ka ƙara rana a hankali, cikin sati biyu zuwa uku sababbin ganye za su ɓullo.

Mataki na 8: fure da ƙara yawa

Bayan ta farka, babba takan fito da wani dogon kara daga tsakiya, mai dunƙule a kai, ba ya kama da ganye. Fure ne fari, yana cin ƙarfinta sosai. In shekararka ta farko ce yanke shi tun yana santimita 5 ko ƙasa, ka soka shi a cikin ƙasar tukunyar, wani lokaci yakan fitar da ƴaƴa a gindi. Hanya mafi sauƙi ta samun ƙari ita ce rabawa lokacin dasawa, za ka ga gindin ya zama biyu ko uku kowanne da saiwarsa, ka raba da yatsa a hankali. Ko ka ɓare ganye ɗaya ta ƙasa ya fito da farin gindinsa, ka kwantar a kan sifagnum mai danshi ka rufe farin kaɗan, sai haƙuri na wata ɗaya zuwa biyu.

Iri kuwa yana ɗaukar shekara 3 zuwa 5 kafin ya girma, kuma na jabu ya cika intanet. Na gaske baƙi ne ƙarami mai sheƙi, kansa ɗaya a tsuke. Duk hoton da ka ga tarko shuɗi ko ruwan hoda mai walƙiya ƙarya ne. In ka samu na gaske a saman ƙasa ake barbaɗa shi ba a binnewa.

In ka ga matsala

Tsohon tarko ɗaya-biyu ya yi baƙi alhali sababbi na fitowa, wannan al'ada ce, yanke kawai. Sababbin ganye suna baƙi tun daga baki kafin su buɗe, ko ka ga farin gishiri a saman ƙasa, ruwa ne ko ƙasa, ka wanke ta sama sosai, in bai daina ba canza ƙasar gaba ɗaya. Ganye dogaye masu faɗi da tarko ƙanana, haske ya yi kaɗan. Ganye ya ƙone ya yi ruwan ƙasa cikin kwana biyu, ranar ta zo mata da gaggawa. Sababbin ganye suna fitowa a murɗe, duba tsakiyar da kyau za ka ga ƙananan ƙwari kore masu tsotsar ruwan ganye, sai ka nutsar da tukunyar gaba ɗaya cikin bokitin ruwan muƙaɗɗar, ganye da komai, na kwana biyu, ƙwarin za su mutu shukar kuma ba abin da zai same ta. Bayan sati ka sake dubawa, in akwai saura ka maimaita. Sabulun wanke-wanke da ake fesa wa sauran fulawowi kar ya kusance ta.